Tambaya da Amsa: Allurar Sinawa da Ciwon Ƙugun Tela

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a birnin Tawa, shekarata 44, kuma yau shekara uku ke nan ina fama da ciwon ƙugu wanda yakan tsananta idan na daɗe a kan keken ɗinki. Na sha ƙwayoyin rage ciwo har cikina ya soma zafi, wanzami kuma ya yi mini ƙaho sau biyu, amma sauƙin bai wuce mako guda ba. Wani abokina ya ce in tafi Yamai a yi mini jinyar soka allura irin ta Sinawa, har yana cewa tana warkar da ciwon sukari, wanda mahaifina ke fama da shi. Shin in ɗauki tsoho mu tafi tare?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya, kai da Baba. Ciwonka yana cikin waɗanda wannan jinya takan taimaka wa, amma na Baba ba ya ciki.

Wannan hanya ta haura shekara 2,000 a ƙasar Sin. Masu ita na dā sun ɗauka cewa akwai wani ƙarfi da ke gudana a jiki ta manyan hanyoyi 12, kuma ciwo yakan taso idan ya toshe, shi ya sa ake soka allurai sirara, waɗanda ba su da rami kuma ba a ɗura magani ta cikinsu, a wurare sanannu, a bar su kamar minti 20 zuwa 30. Likitocin zamani ba su ga waɗannan hanyoyi a jikin ɗan Adam ba. Abin da suka fi karkata a kai shi ne allurar tana taɓa jijiyoyi, jiki kuma ya saki sinadaransa masu kwantar da raɗaɗi. A nan Nijar abin ba baƙo ba ne, domin tun 1976 ƙasar Sin take turo ayarin likitocinta, kuma ita ta gina babban asibitin ƙwararru na Yamai da aka buɗe a 2016.

Akwai wani bincike da nake so ka sani, domin ya shafi irin ciwonka kai tsaye. A Jamus an gwada jinyar a kan mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu, aka fitar da sakamakon a 2007. Bayan wata shida, kusan kashi 48 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar bisa ƙa'ida sun sami sauƙi, waɗanda aka soka wa sama-sama a wuraren da ba nan ne aka tanada ba sun kai kashi 44, masu magani da motsa jiki irin na yau da kullum kuwa kashi 27 kawai. Wato sauƙin gaskiya ne, sai dai ba a tabbatar cewa sirrin yana cikin ainihin wurin da aka soka ba. A ganina wannan ya isa dalilin gwadawa, musamman ga wanda ƙwayoyi suka fara cin cikinsa, amma bai isa dalilin kashe kuɗin motar sama da kilomita 500 da tsammanin warkewa a zama ɗaya ba, tun da jinyar takan buƙaci zama da yawa cikin makonni.

Kafin komai, ka je asibitin jihar Tawa a duba bayan. Idan akwai zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, to ba maganar allura ake ba, domin tarin fuka ma yakan kama ƙashin baya. In an tabbatar babu ko ɗaya, ka nemi wanda ya yi karatun aikin kuma yake yin sa a cikin asibiti, ka tsaya a buɗe sabbin allurai a gaban idonka, a jefar da su bayan an gama. Allurar da aka maimaita tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau, kamar dai askar wanzami da ba a sauya ba, kuma hannun da bai ƙware ba yana iya huda huhu idan ya zurfafa a ƙirji ko saman baya. Kada ka manta da keken ma: ka gyara tsayin kujerarka, ka riƙa miƙewa kana ɗan takawa kowane rabin awa, ko da a ɗinkin salla ne.

Game da Baba, ina roƙonka kada wani ya sa ya ajiye maganinsa. Allura ba ta warkar da ciwon sukari, kuma mai wannan ciwo rauninsa yakan yi jinkirin warkewa, musamman a ƙafa. Ya ci gaba da awon jini da shan abin da likitansa ya rubuta masa, idan kuma yana da ciwon gwiwa da yake so a gwada masa allurar, likitan nan nasa za a fara tambaya.