Shin hoton ƙwaƙwalwa zai nuna miki ko kin gaji ciwon damuwa?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce ciwon damuwa ya kama mahaifiyarki da yayarta, kin kuma ji cewa ana ganinsa a hoton ƙwaƙwalwa, shi ne kike tunanin zuwa a yi miki MRI, wato hoton cikin ƙwaƙwalwa da na'ura, ki san matsayinki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon nan yana gidanmu. Shawarata, ki riƙe kuɗinki.

Abin da kika ji yana da tushe. A 2009 masu bincike a Jami'ar Kolambiya ta Amurka sun ɗauki hoton mutum 131, suka ga shimfiɗar saman ƙwaƙwalwa ta ɓangaren dama ta fi siranta a 'ya'ya da jikokin masu ciwon, har da waɗanda bai taɓa kamawa ba. A 2016 kuma gamayyar masu binciken ƙwaƙwalwa mai suna ENIGMA ta gwada marasa lafiya 1,728 da lafiyayyu 7,199, ta samu hifokamfus, wato sashen da ke aikin ajiye tunawa, ya ɗan fi ƙanƙanta a masu ciwon. Da nawa? Kashi ɗaya da 'yan ɗigo cikin ɗari. Shi ma a waɗanda ciwon ya sha dawo musu aka gani, ba masu karon farko ba.

To ki lura, sai an tara ɗaruruwa ko dubban hotuna an yi lissafi bambancin yake fitowa. Kamar buhun gero biyu ne daga gonaki daban: a kan sikeli za ki ga ɗaya ya ɗan rinjayi ɗaya, amma a miƙo miki ƙwaya guda ba za ki ce ga gonarta ba. Na sha ganin iyali sun sayar da kadara sun yi hoto, sakamako ya fito lafiya lau, sai su ce ashe ba na asibiti ba ne, su ɗauke mara lafiya daga kan magani. Wannan shi ya fi ƙona mini rai.

Likita kan nemi hoto ne idan yana zargin wani abu daban, misali damuwar ta fara da tsufa rana tsaka, ko ta zo da farfaɗiya, ciwon kai mai tsanani, ruɗewa, ko mutuwar ɓarin jiki.

Maganar gado kuwa, tarihin gidanku ya riga ya gaya miki fiye da abin da na'ura za ta gaya miki. Wanda uwarsa ko ubansa ke da ciwon, hatsarinsa ya ninka na sauran mutane sau biyu zuwa uku, kuma binciken tagwaye ya nuna gado na ɗaukar kusan kashi 37 cikin ɗari. Ragowar rayuwa ce: rashi, tashin hankalin aure, talauci, doguwar jinya. Da yawa ba ya taɓa kama su.

Abin da za ki sa wa ido shi ne mako biyu cur babu walwala, barci da cin abinci sun rikice, abin da kike so ya fita ranki. Idan kina da ciki ki sanar da su tarihin nan wajen awo, domin lokacin jego yana da hatsari. Kin ce kina Kaduna, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana kusa. In kuwa tunanin cutar da kanki ya zo, a ranar za ki je, kada ki jira mako biyun.