Tambayoyi da Amsoshi: Batir ne randa, inbata moɗa ce kawai

Tun da zafi ya kunno kai tambayoyin da ke shigo mini suka sauya salo. Masu kukan waya ta cika ko kwamfuta na nauyi sun ja baya, kusan kowa maganar inbata yake yi. Duk wanda ya taɓa kwana a Zariya cikin watan Afrilu babu fanka ya san dalili. Ga biyar daga ciki.

Tambaya daga wani magidanci a Tudun Wada: Malam, ina da fankar sama biyu, talabijin da dikoda, da ƙwan fitila biyar. So nake su kai ni asuba idan an ɗauke wuta. Mai shago ya ce in sayi babbar inbata mai 3.5kVA, wai ita ce za ta daɗe. Haka ne?

Amsa: Alhaji, mai shagon ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Inbata ba ta ƙirƙirar wuta. Aikinta ta ɗebo wutar batir mai bolt 12 ko 24 ta mayar da ita irin ta gida mai bolt 230. Batir ne randar, ita moɗa ce. Girman moɗa yana nuna yawan abin da za ka iya kamfata a lokaci guda, amma tsawon daren da ruwan zai kai ka, wannan sai a duba randa.

Mu yi lissafin tare. Fankar sama ta gama-gari tana cin kamar wat 70, biyu sun zama 140. Talabijin da dikoda mu ba su 70. Ƙwai biyar masu wat 10 sun ba da 50. Jimla 260. Inbata mai 1kVA tana ɗaukar kusan wat 800, ka ga ko ita ta ishe ka har da rara.

Yanzu batir. Wanda aka rubuta wa 12V 200Ah, ka ninka 12 sau 200, ka sami 2,400, wato wutar da za ta riƙe kayan wat 2,400 na awa ɗaya. Sai dai batirin ruwa ba a shanye shi ƙarƙaf. Rabi ake ɗiba idan ana so ya yi shekaru, wato 1,200. Ita ma inbatar tana cin nata kason wajen juya wutar, abin da zai iso soket ɗinka bai fi 1,000 ba. Raba 1,000 da 260, ba ka cika awa huɗu ba. Idan an ɗauke wuta bayan isha'i, kafin ɗaya na dare ka fara fifita da mafici. Batir biyu za su ba ka kusan awa takwas, kuma da zarar an kashe talabijin da fitilu an kwanta, fankokin kaɗai za su wuce asuba.

Don haka kuɗin da za ka ƙara a kan babbar inbata, gara ka kai shi wajen batir na biyu, ka nemi inbata mai bolt 24 da za ta ɗauke su. Idan da hali ka sauya fankokin zuwa na zamani masu cin wat 30 zuwa 35. Wannan sauyin kaɗai ya rage rabin abin da fanka ke sha, kuma ya fi batir araha nesa ba kusa ba.

Firji kuwa, idan kana da niyyar ƙara shi nan gaba, ka faɗa tun yanzu. Yana aiki da wat ɗari da 'yan kai, amma lokacin da injinsa zai tashi yakan fizgi ninkin haka sau da yawa na ɗan lokaci, ƙaramar inbata sai ta yi ƙara ta kashe kanta. Dutsen guga da hitar ruwa kada ma a kawo su kusa. Dutse mai wat 1,000 yana zuƙar amfiya sama da 80 daga batir mai bolt 12.

Tambaya daga wani ɗalibi a Samaru: Ina da tsohon batirin mota. Zan iya haɗa shi da ƙaramar inbata in riƙa cajin laftof?

Amsa: Ƙanena, zai yi, amma ba zai kai ka ƙarshen zango ba. An ƙera batirin mota ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙa kaɗan ya tayar da inji, daga nan motar ta mayar masa. Idan kana sauke shi ƙasa kullum, farantan cikinsa sirara ne, nan da nan suke lalacewa. Tunda kyauta ka same shi, mora kafin ya mutu. Kada dai ka sa kuɗinka ka sayi sabo don wannan aikin, kuma kada ka yi cajinsa a ɗakin da kake kwana.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Gyallesu: Batirina dogo ne mai ruwa, 200Ah. Wata takwas kawai da saye, yanzu ko awa ɗaya ba ya yi. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Malama, jabu yana nan a kasuwa, ba na musu. Amma yawancin batiran da nake gani sun mutu da ƙuruciya yunwa ce ta kashe su, wato rashin cikakken caji, kuma ita ce dalili na farko.

Batir mai 200Ah ana cajinsa da kamar amfiya 20. Idan kin ɗebi rabinsa da dare, mayar da shi zai ci awa biyar a lissafin takarda, a zahiri bakwai ko takwas, domin ƙarshen caji a hankali yake shiga. To ki tambayi kanki, awa nawa NEPA ke ba ku a rana? Idan uku ne, kullum batirin yana shiga dare da bashin jiya. Wani lokacin ma wutar na nan amma ta yi ƙasa, fitila tana ja-ja, inbatar ta ƙi karɓarta sam, ke kina zaton caji ake. Batirin da ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri yakan daskare a farantansa, kuma idan ya taurare ba ya narkewa.

Ki sa a auna miki shi da mita bayan an cire shi daga komai ya huta 'yan awanni. Cikakke yana nuna kusan 12.6 zuwa 12.7. Idan ya nuna 12.1 ko 12.2, rabi ne. Idan bayan cikakken caji ya faɗi ƙasa da 12 ba tare da an ɗora masa komai ba, ki fara tanadin wani.

Na biyu zafi. An auna rayuwar irin wannan batir ne a kan digiri 25, kuma duk ƙarin digiri kamar goma yana yanke ta kusan rabi. Mu kuwa a bazara muna dosar 40. Ni kaina na taɓa kashe batir biyu a wani ɗan sito mai rufin kwano, ina ganin na yi dabarar ɓoye su daga yara. Ki nemi wuri mai inuwa da iska, ki ɗora shi a kan katako ko teburin ƙarfe inda ruwan wanki ba ya kaiwa. Iskar tana da wani amfanin: batirin ruwa yana fitar da gas mai kama wuta lokacin caji, don haka ba a ajiye shi kusa da risho ko murhu.

Na uku ruwa. Ki duba alamar da ke kan murafan duk wata, musamman da zafi. A nan ki yi hattara da harshe: idan kika aiki yaro ya ce a ba shi ruwan batir, wani mai shagon asid zai zuba masa. Abin da ake ƙarawa tataccen ruwa ne, wanda masu shago ke kira distil. Ruwan rijiya, na famfo, har da fiya wata, duk suna da gishirin da ke cutar da shi.

Idan wutar unguwarku ba ta isa, maganin sola ne. Faifai mai wat 400 a ranar Zariya zai iya mayar da abin da kika ɗiba daga batir ɗaya, matuƙar an sa na'urar daidaita caji a tsakani, kuma ana goge ƙurar hunturu. Idan za ki sake saye kuma aljihu ya yarda, batirin litiyam ba ya son ruwa, ana iya ɗibar kashi 80 cikin 100 nasa, yana kuma cika da sauri. Ki tabbatar dai inbatarki tana da saitin cajinsa. Abu ɗaya da zan roƙe ki: kada ki haɗa sabon batir da wannan tsohon. Tsohon zai ja sabon su tafi tare.

Tambaya daga wani mai shagon buga takardu a Kongo: Idan na koma kan inbata fanka sai ta riƙa gurnani, cajar laftof kuma ta yi zafi. Me ke faruwa?

Amsa: Mai gida, inbatarka irin mai araha ce da ake kira modifayid. Wutar NEPA tana hawa da sauka ne a hankali sau 50 a daƙiƙa, ita kuwa wannan tsalle take yi kamar matakala. Ƙwan fitila bai damu ba, amma duk abin da ke da inji a ciki yana wahala, shi ne gurnanin da kake ji. Ka nemi wadda masu shago ke ce wa fiyo sain, mai ba da wuta sumul irin ta NEPA. Firintar leza kuma, ko da ka sauya, ka bar ta a kan janareta, domin tana da hita a ciki mai fizgar wuta da yawa.

Tambaya daga wani matashi a Kofar Doka: Na iya ɗan haɗe-haɗe. Zan iya jona inbatar da soket ɗin bango kawai ta ba duk gidan wuta?

Amsa: Kul, ɗan'uwa. Idan ka yi haka wutarka za ta bi waya ta fita har kan falwaya, ma'aikacin da ya hau gyara yana ganin layi a mace yake ta kama shi. Idan kuma aka dawo da wuta ba zato, inbatar ce za ta ƙone. Ka kira mai wayarin ya ware layukan fanka, fitilu da 'yan soket zuwa kan inbata, ya bar na kicin da na guga a kan NEPA, ko ya sa makunnin sauya layi da suke kira canjoba.

Ɓangaren batir za ka iya sa ido da kanka. Wayar da ke tsakaninsa da inbata ta zama mai kauri kuma gajera, irin wadda ta zo a kwali, domin wat 600 kaɗai amfiya 50 ne a bolt 12, siririyar waya narkewa za ta yi. A sa fiyus a kan jar wayar dab da batir. Ja zuwa alamar tarawa, baƙa zuwa alamar ɗebewa, ka duba sau biyu kafin ka ɗaure. Batir biyu don bolt 24, tarawar ɗaya ake haɗawa da ɗebewar ɗayan. Kuma ka cire zobe da agogon ƙarfe kafin ka ɗauki sifana, ka naɗe hannunta da salatif don kada ta taɓa kawunan batirin biyu lokaci guda.