Zana Mazubin Sabulu da Kyandir a Kwamfuta

Tambaya: Malam, ina haɗa sabulu da kyandir don sha'awa, kuma ina so in riƙa zana mazubina da kaina. Da wace manhaja zan fara? Sannan wani mazubi da aka buga mini da firintar 3D ya lanƙwashe da na zuba masa kaki mai zafi.

Amsa: Malama, ki fara da Tinkercad. Kyauta ce, a intanet ake aiki da ita, ba sai kin sauke ba. Ki jawo akwati, ki nutsa siffar da kike so a ciki, ki mai da siffar "Hole", ki danna "Group", sai rami ya fito. Idan hannunki ya faɗa, ki koma FreeCAD, inda sauya awo ɗaya ke gyara sauran zanen. Ki fitar da aikin a fayil ɗin STL, nau'in fayil da ake amfani da shi wajen bugawa da firintar 3D.

Batun lanƙwashewa kuwa, galibi da robar PLA ake bugawa, ita kuma tana fara laushi a wajen digiri 60 na Salsiyas. Shawarata, ki buga siffar sabulun ko kyandir ɗin kanta, ki manna ta a gindin ƙaramin akwati, ki zuba silikon, wato ruwan roba mai daskarewa, a kai. Silikon ɗin ne mazubinki. Ki bar tazarar kamar milimita 10 ta kowane gefe.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, tun wajen zane ki tambayi kanki ta ina abin zai fita. Bango ya ɗan buɗe wajen baki da digiri 2 zuwa 3. Siffa mai tumbi da siririn wuya sai mazubi mai ɓari biyu, da 'yan ƙusoshi masu shiga rami, a bar musu sararin milimita 0.2. Silikon yana kwafe komai, har siraran layukan da firinta ke bari, don haka a buga da kaurin kowane layi milimita 0.12, ki goge da sanfefa.

Tambaya: Silikon ɗina ya kwana bai daskare ba, fuskarsa na danƙo.

Amsa: In kin auna ruwan nan biyu da ake haɗawa a sami silikon daidai kuma kin gauraya sosai, to silikon mai daskarewa da sinadarin filatinam gare ki, kuma ya taɓa abin da ba sa shiri: safar hannu ta latas, yumɓu mai ƙibiritu, ko siffar da aka buga da ruwan rezin. Ki shafe siffar da banishin akirilik ya bushe, ko ki koma silikon mai daskarewa da sinadarin kuza. Kullum ki gwada cokali ɗaya a gefen siffar kafin ki juye duka.