Ku Tambayi Mai Fenti: Motar Gado da Zanen Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana Peugeot 504 mai dogon baya, wadda ya daɗe yana jigilar fasinja da ita tsakanin Tawa da Ƙonni. Injinta na nan da ransa, jiki ne ya koɗe. Yayyena sun ce a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Ni kuwa na ga a waya yadda Turawa ke yi wa tsohuwar mota zane, su manna mata kaya iri-iri, ta zama abin kallo, kuma a hau ta a yi tafiya. Raina ya biya. Me ka gani?
Wani matashi, daga Tawa

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa.

Kafin maganar fenti akwai maganar gado. Motar nan ba taka ba ce kai kaɗai. Ku zauna da yayyenka a yi mata kuɗi, ka biya su rabonsu, ko su yafe maka da bakinsu a gaban shaidu. Ina faɗa maka haka ne don motar da aka yi wa irin wannan ado tana wuyar sayarwa: mai saye yana son abin da zai shiga bai ja ido ba. Idan ka taɓa ta, ka taɓa ta ne da niyyar riƙewa.

Abin da ka gani a waya gaskiya ne. A birnin Houston na Amurka, a 1984, wata mai zane Jackie Harris ta lulluɓe tsohuwar Ford da 'ya'yan itace na roba. Jama'a suka yi ta sha'awa, har a 1988 aka fara jerin gwanon irin waɗannan motoci da guda 40. Yanzu kowace shekara sukan haura 250. Kamfanin BMW ma tun 1975 yake ba manyan masu zane mota su yi mata aiki, farawa da Alexander Calder, wanda motarsa ta shiga tseren Le Mans a Faransa.

Amma wadda nake so ka riƙe sunanta ita ce Esther Mahlangu, 'yar ƙabilar Ndebele ta Afirka ta Kudu. Tun tana yarinya ta koyi zanen bangon ɗaki a hannun uwarta da kakarta, da gashin kaza take ja, ba ta amfani da abin auna layi. Da BMW suka ba ta mota a 1991, ita ce mace ta farko kuma ta farko daga Afirka a wannan jeri, ba ta je ta kwaikwayi kowa ba. Zanen bangon garinsu ta ɗora wa motar, kuma shi ya ƙara fito da sunanta a duniya. Duk lokacin da yaro ya kawo mini hoton motar Amurka ya ce in yi masa irinta sak, wannan tsohuwa nake tunawa.

To kai me ka rasa? Kana da dagi. Kana da aska takwas ta ƙirjin babbar riga, wadda idan aka shimfiɗa ta a kan murfin inji za ta zauna daram, don faɗinsu ya yi kusa da juna. Kana da zanen ƙwarya, da na bangon tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram, da abin wuyan azurfa na Abzinawa wanda kowane gari ke da siffarsa, Tawa ma tana da tata. Kuma al'adar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Manyan motocin kaya da ke bin hanyar Agadas sun daɗe da zaki da dawisu a bayansu. A Dakar akwai ƙananan bas masu shuɗi da ruwan ɗorawa, an cika su da zane da "Alhamdulillahi" a goshi, har an kai ɗaya gidan tarihi a Paris.

Yanzu aiki. Ka fara da bakanike: birki, sitiyari, tayoyi, fitilu. Mota mai ado da ba ta tashi ta zama bango. Daga nan mai walda ya duba ƙasan ƙofofi da daɓen mota, nan tsatsa ke ɓuya a 504. A yanke inda ya ci, a ɗinke da sabon ƙarfe, kada a yarda a toshe da ƙullu kawai a shafe, don tsatsar za ta kumburo ta ƙarƙashin zanenka. Sai a goge da sanfefa, a yi shafin farko na maganin tsatsa, a yi fentin ƙasa mai haske. Fari ko ruwan ƙasa ya fi, musamman rufin, saboda baƙi da shuɗi mai duhu suna shan zafi. Ka fitar da zanenka da alli tukuna, ka ja da baya ka duba shi daga tsallaken titi, ka gyara, sannan ka ɗauki burushi.

Fentin mota za ka saya, ba na gida ba. Idan an gama a fesa man ƙyalli marar launi a sama, shi ke tare rana. Ka sani kuma ja ne ke riga sauran koɗewa, don haka kada ka ba shi babban fili. Kada ka yi feshi a fili lokacin hunturu, ƙura za ta zauna cikin ɗanyen fenti har abada. Ka samu rumfa mai rufi, ka yayyafa ruwa a ƙasa.

Batun manne-manne kuwa, zafin ranar Ader, wato yankinku na Tawa, shi ne alƙali. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, ƙarfen da ke rana kuma ba ya taɓuwa. Gam ɗin kyandir zai narke, ƙaramin gam mai kama nan take zai bushe ya tsage da girgizar hanya. Silikon ne ke jurewa ga ƙananan kaya. Duk abin da ya kai nauyin cokali, a huda a ɗaure shi da noti, don abin da ya fizge daga motarka a hanyar Tsarnawa kan ɗan kabu-kabun da ke bayanka zai faɗa. Ban da abu mai tsini ko kaifi. Ka bar gaban lagireto a buɗe iska ta shiga, ka bar gilasai, madubai, fitilu da lamba yadda suke. Kafin ka sauya launi ka ɗauki takardun motar ka je ofishin da ke kula da su ka tambaya, don jandarma a hanya abin da ke takarda yake kwatantawa da abin da ke gabansa. Ka kuma nisanci launin soja.

Shawara ta ƙarshe: ka bar wuri ɗaya, ko ƙofar baya ce, ka rubuta kalmar da mahaifinku ya saba faɗa. Mutanen tashar da suka san shi za su gane motar.

TAMBAYA: Malam, sana'ata aikin duwatsun ado da fata. Maigidana ya yarda in ƙawata ƙaramar motarmu. Za su zauna a jikin mota?
Wata baiwar Allah, daga Yamai

AMSA: Hajiya, duwatsu za su zauna. A Meziko, a 2010, mutum takwas 'yan ƙabilar Huichol sun rufe Volkswagen ƙirar kunkuru da ƙananan duwatsu sama da miliyan 2, nauyinsu kusan kilo 90, da wani ƙaro mai jure zafi. Sai dai wannan mota ta baje koli ce, taki kuwa za ta je kasuwa ta sha ƙurar Yamai, kuma wanke ƙura daga tsakanin duwatsu aiki ne. Ki yi ɗamara guda mai faɗin tafin hannu ta zagaye motar, da duwatsun gilashi, don na roba suna koɗewa.

Fata kam kada ta kwana a waje. Rana za ta busar da ita ta tsattsage, ruwan damina ya zubar da rininta a kan fenti. Wurinta ciki: rigar kujeru, murfin sitiyari, jikin ƙofofi. Ki leƙa wurin dukawa a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, ko na gidan tarihi na Boubou Hama, ki ga kaurin fatar da suke yi wa matasai, ita ce ke jure zama. Allah ya sa wa hannunki albarka.

TAMBAYA: Ni direban taksi ne. Ina son a rubuta mini aya a bayan mota.
Wani direba, daga Yamai

AMSA: Ɗan'uwa, ni ba na rubuta aya a bayan mota, don nan taɓo da hayaƙi ke sauka, nan kuma ake jingina ƙafa. Ka zaɓi karin magana, misali "Mahaƙurci mawadaci", a rubuta da farin fenti a saman murfin but. Jan fentin da ke saman taksinka kuma ka bar shi yadda yake, da shi fasinja ke gane ka daga nesa.