Me ya sa motar da na yi oda daga masana'anta ta ƙi fitowa?

Ka ce wata bakwai ke nan da ka ba da odar mota da kujeru masu ɗumi da babban allon taɓawa, ga wanda ya yi oda bayanka har ya karɓi tasa. Ɗan'uwa, ba mantawa da kai aka yi ba.

Masana'anta ba ta bin layin wanda ya riga zuwa kaɗai. Sai kowane sashe na motarka ya samu kafin a ba ta ranar haɗawa. Kowane ƙari da ka zaɓa yana buƙatar nasa ƙananan na'urorin lantarki, kuma ko guda ɗaya ya yanke, motar ta tsaya. A 2021, da ƙarancin waɗannan na'urori ya tsananta, Ford ta jera motocin F-150 a fili suna jiransu, General Motors (GM) kuma ta cire ɗumama kujera daga wasu samfurori. A 2022 yaƙin Yukren ya katse samar da wayoyin lantarkin mota da ake haɗawa a can, har Volkswagen da BMW suka dakatar da aiki a wasu masana'antunsu na Jamus.

Shawarata, tambayi dillalin wane ƙari ne ya riƙe odar. In ba dole ba ne, a cire shi, amma ka fara tabbatarwa cewa canjin ba zai mayar da kai ƙarshen layi ba.