Ribar sana'ata tawa ce ko ta maigida?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, daga Tudun Wadan Zariya nake. Ina saida atamfa da turaren wuta a cikin gida, a WhatsApp nake talla, jarin kuma gadon babana ne na haɗa da kwasar adashi. To maigida ya ce tunda a gidansa nake kuma shi ya ban izini ribar tasa ce, har ya daina bada kuɗin cefane wai ai ina samu, ga ƙannensa mata su ɗau turmi bashi in na yi magana a ce na cika son abin duniya. Dan Allah meye hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, jarin naki ne ribar ma taki ce. Aure bai maida dukiyar mace ta koma ta miji, aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta nuna mata suna da rabonsu cikin abin da suka nema kamar yadda maza ke da nasu, kuma Nana Khadija (RA) da dukiyarta aka je fatauci Sham.

Inda mazanmu ke cakuɗa abu shi ne izini daban, mallaka daban. Yana da ta cewa kan fitarki, in zaki sari Kasuwar Sabon Gari sai da yardarsa, amma wannan bai sa ya zama abokin tarayya a jari ba. Malamanmu na Malikiyya sun ce zai iya hana ki kyautar da abin da ya haura sulusin dukiyarki, to kyauta suka ce, ba saye da sayarwa ba, ba kuma cewa suka yi ya ɗauka ya sa aljihu ba.

Cefane kuwa wajibinsa ne ko da kin fi shi kuɗi nesa ba kusa ba. In kin taimaka da daɗin rai sadaka ce, Zainab matar Ibn Mas'ud da ta tambaya kan yi wa mijinta sadaka lada biyu aka ce tana da shi, na zumunci da na sadaka.

Bashin dangin miji kam shi ke karya matan nan namu, kunya ta cinye jari. Ki samu littafi ki riƙa rubutawa a gabansu, asusun banki ya zama da sunanki. Ki yi wa maigida magana cikin ladabi ku biyu, in ya ƙi ji ki kai wa waliyyinki. Wallahu a'alam.