Ciwon yatsa wajen buɗe kwaɗo: duba murɗi da gefen ƙarfe kafin ka sayi sabuwar ƙota

Malam, sannu da ƙoƙari. Tambayarka ita ce: ka fara koyon buɗe kwaɗo ba da makulli ba don nishaɗi, tsinkayen da ka saya ƙarfe ne tsirara babu ƙota, bayan ɗan zama kaɗan babban yatsa da manuniya sai su ɗau zafi, kana son sanin ƙotar da ta fi daɗin riƙo, ko roba ko katako ko ƙarfe.

Kafin a kai ga ƙota, ka duba hannunka na hagu, wanda ke riƙe da mamurɗi, wato ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake murɗa zuciyar kwaɗo da shi (zuciyar ita ce ɓangaren da ke juyawa in an sa makulli). Yawancin ciwon da masu koyo ke kuka da shi a hannun dama, daga hagu ya samo asali. In ka danna mamurɗi da ƙarfi, fil ɗin da ke cikin kwaɗon, wato ɗaya daga cikin 'yan sandunan ƙarfen da makulli ke ɗagawa kafin zuciyar ta juya, sai ya maƙale tsakanin zuciya da gangar jiki, dole ka sa ƙarfi kafin ka ɗaga shi, kuma siririn ƙarfen tsinken ya nutse maka a yatsa. Alamar a fili take: dubi farcen yatsan da ke kan mamurɗin. In ya yi fari, ka wuce gona da iri. Sassauta har jinin ya dawo, sannan ka ƙara kaɗan-kaɗan sai ka ji fil ɗaya ya yi tauri alhali sauran suna wasa a kan sifirin. Kwaɗon da zuciyarsa ke da sifirin mai mayar da ita baya yana buƙatar ɗan ƙari, amma ko shi bai kai a ce yatsa ya sage ba.

Abu na biyu gefen ƙarfen ne. Tsinkaye masu araha buga su ake yi daga faifan ƙarfe, gefensu kan fito da kaifi da ƙananan zaruruwa da ido ba ya gani sosai. Su ne ke cin fata, su ne kuma ke sa tsinke ya riƙa kartar cikin ramin makulli har ka kasa bambance kartar da motsin fil. Nemi samfefa mai lamba 400, 600 da 1000. Ninka ta biyu, ka sa a tsakiyar wani tsohon littafi mai kauri, ka zura tsinken ciki, ka danne littafin da tafin hannu kana turawa kana jawowa. Gefen kuma ka naɗa guntun samfefar a jikinsa ka goge har ya yi santsi a bayan farce. Minti 10 ya ishi tsinke ɗaya. Kar ka zauna a kan bakin ƙugiyar, wato lanƙwasar da ke kan tsinken, don in ka cinye tsayinta ta daina kaiwa fil na can ciki, kuma kar ka rage faɗin wuyan, nan ne inda yake lanƙwashewa.

To, yanzu ƙota. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, a wannan sana'a da yatsa ake gani. Ƙaramar girgizar da fil ke yi in ya zauna a mazauninsa ta cikin ƙarfe take biyowa ta iso hannunka. Duk abin da ka sa tsakanin ƙarfen da fatarka, in mai laushi ne, zai shanye wani kaso na wannan saƙo. Shi ya sa ƙotar roba mai taushi da kauri, irin wadda ke zuwa a kan jerin tsinkaye 20 ko 30 da ake haɗawa da kwaɗon koyo na roba mai kama da gilashi, take da daɗi a ranar farko amma take hana mutum ci gaba. Ga shi ba ta daɗewa take fara zamewa daga jikin ƙarfen. Abin nema shi ne ƙota mai tauri, wadda ta manne da ƙarfen ƙam, mai kaurin milimita 3 zuwa 4, gefenta a zagaye. Kaurin nan ya isa ya raba nauyin dannawa a faɗin yatsa, bai kuma kai ya sa ka riƙe tsinken kamar wuƙa ba.

Cikin na kamfani, Peterson na Amurka suna zuba roba mai tauri a kan ƙarfen, suna kuma bambanta launin ƙotar gwargwadon kaurin tsinke, abin da ke sauƙaƙa ɗauka ba sai ka auna ba. Multipick na Jamus ƙarfe suke mannawa gefe da gefe, saƙon yana isowa tas, sai dai akwai ɗan nauyi kuma da tsada. Sparrows suna da na tsirara da masu siririn rufi. A ganina, mai koyo ya sayi ƙugiya gajera guda biyu masu kyau ya fi masa jaka cike da tarkacen da ba zai taɓa amfani da rabinsu ba.

In kuma gyara naka za ka yi, hanya mafi sauƙi ita ce robar nan da masu wayarin ke sa wa waya, mai tsukewa in ta ji zafi. Nemi wadda ke da gam a ciki, mai faɗin da tsinken zai shiga ba da matsi ba, kamar milimita 10 zuwa 12. Yanka ta daidai tsawon mariƙin, ka hura mata zafi daga tsakiya zuwa ƙarshe don kar iska ta maƙale, ka bari ta huce, ka ƙara ta biyu a kai. Ninki biyu ya isa. Na uku ya fara kashe saƙo. In da ashana ko layita za ka yi, ka nisanta harshen wutar daga wuyan tsinken. Baƙin salatif na masu wuta kuwa ka bar shi: da zafi da gumi ya haɗu, gam ɗinsa narkewa yake ya bi yatsa, naɗin kuma ya riƙa juyawa.

Katako ya fi duka daɗi in an yi shi da kyau. Ka fere guda biyu masu kaurin milimita 2 kowanne daga itace mai tauri. Karce ƙarfen da samfefa mai kaushi, lamba 120, ka goge maiƙon da sifirit, ka shafa gam mai haɗi biyu irin Araldite, wanda ke jinkirin kamawa, ka matse su wuni da kwana. Sufa gulu ba ya yi, domin tsinke yana ɗan lanƙwasa a wajen aiki, shi kuma gam ɗin tsagewa yake. Kar ka wahalar da kanka da huda ƙarfen don saka ƙusa, ƙarfe ne mai tauri da ke cinye bakin abin huji. Bayan ya kama sai ka zagaye gefen da magagari, ka rage kaurin ƙotar ya koma milimita 3 zuwa 4. Ka bar aƙalla santimita 4 daga baki babu katako, don yatsanka na tsakiya ya samu inda zai taɓa ƙarfen kai tsaye. Riƙon kamar na biro ne: babban yatsa da manuniya a kan ƙota, na tsakiya a kan wuyan tsinke ko a jingine da fuskar kwaɗon.

Kaurin tsinken kansa ma yana da hannu a gajiya. Wanda aka fi sabawa da shi inci 0.025 ne, kusan milimita 0.6, kuma shi ya dace da kwaɗo mai faffaɗan rami kamar Master Lock No. 3 mai fil 4, ko manyan Tri-Circle da ke cike a kasuwanninmu. Ramin da ya karkace ya tsuke, irin na ABUS 72/40, yana son inci 0.018 ko kusa da haka. In ka cusa mai kauri a nan, kokawa za ka yi da bangon ramin, ba da fil ba. In kuma ka fara koyo da siriri alhali hannunka bai saba sassauci ba, za ka lanƙwasa shi cikin kwana kaɗan.

Mamurɗi kuwa ya cancanci kuɗi fiye da yadda ake ba shi. Wanda ake sawa a saman ramin makulli, wanda yake miƙaƙƙe, ka samu mai kaurin milimita 1 da mai 1.2, ka zaɓi wanda ya cika ramin ba ya rawa. Wanda ya yi sako-sako zamewa yake, kai kuma ka riƙa danne shi ciki don kar ya faɗi, nan ma wata gajiyar ce. Na ƙasan rami ana yin sa da siririn ƙarfen da ke cikin tsohuwar waifar mota. In an murɗa jelarsa, yatsa yana samun shimfiɗa mai daɗi, amma yana ɗan lanƙwasa, ba za ka ji sosai ba lokacin da fil mai siririn ƙugu, irin wanda ake sa wa wasu kwaɗuna don ƙarin tsaro, ke tura zuciyar baya. Don irin waɗannan kwaɗuna, mai tauri ya fi.

Riƙe kwaɗo a tafin hannu na tsawon lokaci shi ke kawo ciwon wuyan hannu, musamman ƙananan masu faɗin milimita 40 zuwa ƙasa. Ƙaramin abin matse ƙarfe na kan tebur yana magance wannan. Sa guntun fata ko roba a bakinsa don kar ya karce kwaɗon, ka daidaita tsayinsa yadda gwiwar hannunka za ta zauna a kan tebur. Kowane minti 20 ka ajiye, ka buɗe yatsu ka miƙe su. In yatsa ya fara sagewa ko ka ji kamar tafiyar kiyashi, ka tsaya a ranar. In abin ya ƙi wucewa bayan hutu, ka ga likita.

Tsinken da ba na ƙarfe mara tsatsa ba, gumi yana cin sa da wuri, sai ka riƙa goge shi da ɗigon man keken ɗinki bayan aiki. Kuma ƙa'idar masu wannan wasa, har da ƙungiyar TOOOL da ta faro daga Holan, ita ce kwaɗonka kawai ko wanda mai shi ya ba ka izini, ban da wanda ake amfani da shi a ƙofa ko shago, domin fil ko sifirin na iya lalacewa ya bar ka a waje. Kayan kuma su zauna a gida cikin jakarsu, kar ka riƙa yawo da su a aljihu, balle da dare.